Jirin Ruwa da Hukuncin Mai Shiga Jirgi

Duk ɗalibin da ya yi nisa a karatun fiƙihu a zaurukan Boɗinga da Sifawa, har Allah Ya kai shi ga Muhtasar na Shaihu Halil ɗan Is'haƙa, malamin Masar na ƙarni na 14, idan ya iso babin Hajji zai ci karo da wata mas'ala wadda galibi malami yakan fassara ta a gurguje, ɗalibi ya ce na'am, a wuce gaba, saboda magana ce a kan teku, mu kuwa mutanen tudu ne, tsakaninmu da ruwan gishiri akwai tafiyar kusan kilomita 1,000. Abin da mas'alar ta ƙunsa shi ne, hanyar ruwa daidai take da hanyar tudu wajen wajabta Hajji a kan wanda ya sami iko, sai fa a hali biyu: ko ya zamana halaka ce ta fi rinjaye a wannan hanya, ko kuwa ya zamana jirin da yake kama mai shiga jirgi zai kai shi ga tozarta wani rukuni daga rukunan salla. Masu sharhi suka riskar da cunkoso ga jiri, watau jirgin da aka cika har mutum ya rasa inda zai aza goshinsa sai bayan ɗan'uwansa, kuma an ruwaito daga Imamu Malik cewa ya hana hawan irin wannan jirgi ko da kuwa da niyyar Hajji ne. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki a nan shi ne yadda aka jera jiri da halaka a hukunci guda, alhali jiri ba ya kisa, ba ya barin tabo, kuma yakan saki mutum jim kaɗan bayan ya taka ƙasa. Amma duk da wannan ƙanƙanta tasa fuƙaha'u suka ba shi ƙarfin da zai ɗage wajibcin rukuni na biyar daga kan mutum, muddin ba shi da wata hanya sai ta ruwa.

Ba sai an je Bahar Maliya ake sanin wannan ciwo ba. Wanda ya bar Sakkwato ya ratsa Boɗinga ya wuce mararrabar Yabo zai iso Shagari, inda madatsar ruwa ta tara tafki mai faɗi tsakanin ƙauyukan gaɓa biyu, har kwale-kwale ya zama abin hawan yau da kullum ga mai zuwa gona da mai zuwa kasuwa da mai neman itace. A nan masunta suke fita da kalli da birgi da mamari suna neman karfasa da tarwaɗa, su kuwa tun suna yara jikinsu ya saba da rawar jirgi, ba su san ma ana jin wani abu ba. Amma baƙon da ya bi su, ko yaron da aka fara ɗauka don ya koyi sana'a, idan aka tsayar da jirgi ana jan koma, iskar hadarin farkon damina ta fara kaɗa ruwa, aka sa shi ya sunkuya yana cire kifi daga raga, ga ƙarni ga rana, to zai ji hamma ta fara zuwar masa ba dalili, yawu ya tsinke, zufa mai sanyi ta keto masa, kai ya yi nauyi, daga nan sai tashin zuciya, daga tashin zuciya sai amai. Na Shagari mai sauƙi ne, domin igiyar ruwan ba ta da girma. Wanda ya gangara Yawuri ya shiga tafkin Kainji, wanda aka gama madatsarsa a 1968, a ranar da iska ta tashi, shi ne zai ɗanɗani wani abu daga abin da alhazan dā suka sha.

Likitocin zamani sun bayyana sababinsa bayani mai gamsarwa. A can cikin kunne, bayan inda ake ji da shi, Allah Ya halicci wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙwayoyi ƙanana kamar garin alli, aikinsu shi ne su sanar da ƙwaƙwalwa duk wani juyi ko karkata ko hawa da sauka da kai ya yi. Idan mutum yana tafiya a ƙasa, abin da kunne ya faɗa shi ne ido zai faɗa, shi ne kuma gaɓoɓi za su gaskata. Amma idan ya zauna cikin jirgi ya zuba ido a kan katakon da ke gabansa, katakon nan tare suke motsi, sai ido ya ce a tsaye ake, kunne kuwa ya ce ana hawa ana sauka. Sai ƙwaƙwalwa ta zama kamar alƙalin da shaidu biyu adilai suka zo masa da magana biyu masu karo da juna a kan ƙara ɗaya. An kuma lura cewa motsin da ya fi tayar da zuciya shi ne hawa da sauka a hankali, wanda yake maimaituwa kamar sau ɗaya a cikin daƙiƙa biyar ko shida, ya fi jijjiga mai sauri cutarwa. Hujja mafi ƙarfi a kan cewa daga kunne abin yake tasowa ta zo ne daga Amurka, tsakanin 1958 da 1968, lokacin da hukumar binciken sararin samaniya ta NASA da rundunar sojan ruwan ƙasar suka yi gwaje-gwaje da wasu kurame su 11 daga kwalejin Gallaudet ta birnin Washington, waɗanda galibinsu sanƙarau ne ya lalata musu cikin kunne tun suna yara. Aka fita da su cikin teku mai tsananin hauka a gaɓar Kanada, masu binciken suka kwanta da amai, su kuwa kuramen suna zaune suna wasan kati. Dalilin da ya sa wannan saɓani yake ƙarewa da amai, wani masani mai suna Michel Treisman ya kawo ra'ayi a 1977 cewa jiki yana ɗaukar ruɗewar gaɓoɓi alamar an ci guba, sai ya gaggauta fitar da abin da ke ciki. Ra'ayi ne mai kyan tsari, ko da yake bai kai matsayin yaƙini ba.

A nan mai karatun da ya san Munƙiz na Imamu Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, zai tuna yadda malamin ya tuhumi ganin ido, ya kawo misalin inuwa da ake ganinta a tsaye alhali tana tafiya, da tauraron da ake gani ɗan mitsitsi alhali ya fi ƙasa girma. Sai dai shi Gazali shakkarsa a cikin tunani take, mai jirin ruwa kuwa tasa a cikin tumbi take, ba ya bukatar wanda zai karanta masa littafi kafin ya yarda cewa gaɓoɓin ɗan Adam suna iya saɓawa. Abin lura kuwa shi ne, a cikin shaidun nan biyu babu wanda ya yi ƙarya: ido ya yi gaskiya da ya ce katako bai gusa daga gabansa ba, kunne ma ya yi gaskiya da ya ce kai yana lilo. Aibin ido kawai shi ne an ƙuntata masa abin da zai duba. Shi ya sa magani na farko da kowane tsohon matuƙi zai faɗa wa baƙo shi ne ya ɗaga kai ya dubi wata itaciya a gaɓa, ko inda sama ta haɗu da ruwa, domin da zarar ido ya sami abu tabbatacce a wajen jirgi zai ga lilon da kunne yake ji, shaida ta zo ɗaya, zuciya ta kwanta. Malaman usulu suna da ƙa'ida mai kama da wannan, cewa idan dalilai biyu ingantattu suka yi kamar sun ci karo, ba a gaggawar jefar da ɗaya, sai an fara neman inda kowannensu ya sauka. Za mu bukaci wannan ƙa'ida nan gaba kaɗan.

Mutanenmu dai iri biyu ne a kan mai jiri. Wasu suna yi masa dariya, su ce ragwanci ne ko tsoron ruwa. Wasu kuma su ce mutanen ruwa ne ba su karɓe shi ba, a nemo masa turare da laya. Duka biyun sun kauce. Jarunta ba ta da hannu a ciki ko kaɗan: Nelson, babban kwamandan jiragen yaƙin Ingila wanda ya ƙare rayuwarsa a teku a 1805, jiri bai rabu da shi ba, haka nan masanin nan Darwin ya sha fama da shi a tafiyarsa ta teku ta shekara biyar daga 1831 zuwa 1836. Shari'a kuwa, maimakon ta aibata mai jiri, sai ta girmama shi girmamawar da za ta ba mai ji mamaki. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ummu Haram 'yar Milhan, Allah Ya yarda da ita, hadisin da ma'anarsa take nuna cewa wanda jiri ya kama a teku har ya yi amai yana da ladan shahidi, wanda ya nutse kuwa yana da na shahidai biyu. Ita wannan baiwar Allah ita ce wadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi barcin ƙailula a gidanta, ya farka yana murmushi saboda an nuna masa wasu daga al'ummarsa suna hawan teku don ɗaukaka addini, ta roƙi ya yi mata addu'a ta kasance cikinsu, ya yi mata. Sayyidina Umar ya ƙi ba Mu'awiya izinin kai Musulmi teku duk tsawon halifancinsa, Sayyidina Usman ya ba shi bisa sharaɗin kada a tilasta wa kowa, sai aka fita zuwa tsibirin Ƙubrus wajen shekara ta 28 bayan Hijira, tana ciki tare da mijinta Ubadatu ɗan Samit. Ta ƙetare tekun lafiya, sai bayan an sauka dabbar da ta hau ta kayar da ita, ta rasu, kabarinta yana can kusa da garin Larnaka har yau.

To, ga inda tambayar take. Hadisi ya yi wa mai jiri alkawarin lada mai girma haka, Malik da mabiyansa kuma sun ce wanda ya san jiri zai hana shi salla kada ya shiga. Wani mai gaggawa zai ce ai fuƙaha'u sun toshe wa bayin Allah ƙofar lada, ya ƙara da cewa ga Ummu Haram nan, ruwa bai ci ta ba, tudu ne ya ci ta, ashe taka-tsantsan ba ya ƙara wa kowa kwana. Wannan magana tana da nauyi, ba ta raini ba ce, domin haƙiƙa ajali ba ya jiran a shiga jirgi. Amma a ganina nassoshin biyu ba wuri ɗaya suka sauka ba, bambancinsu kuwa na lokaci ne. Hukuncin Malik yana magana da mutum yana tsaye a gaɓa, ƙafarsa a ƙasa, yana da zaɓi, ya kuma san halin jikinsa ta hanyar tajriba. Hadisin kuwa yana magana da shi bayan ya shiga ta halattacciyar hanya don manufa ta gari, gaɓa ta yi nisa, zaɓi ya fita daga hannunsa. Na farko ana tambayarsa abin da ya sani da abin da ya tanada, na biyu ana ba shi lada a kan abin da ya jure. Ƙissar Ummu Haram ta tabbatar da cewa ba wanda ya san inda zai cika. Ba ta ce a daina tambayar wanda ya ga haɗari ƙuru-ƙuru ya afka ba, in ba haka ba da ƙin da Umar ya yi da sharaɗin da Usman ya gindaya sun zama rashin tawakkali, wannan kuwa ba mai hankalin da zai faɗe shi. Kuskuren da ya yi mana yawa shi ne ɗauko maganar da aka tanada domin tsakiyar ruwa, mu karanta ta a bakin gaɓa.

Malaman da suka zauna a wannan yanki ba su ga wata gaba tsakanin dogaro ga Allah da neman magani ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa daga wajen 1810 zuwa 1815, ƙanensa Malam Abdullahi yana Boɗinga, kuma shi Malam Abdullahi yana da littafi mai suna Masalihul Insan a kan maslahohin addini da na jiki, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa ya yi talifi a kan ciwon ido da basir da tsutsar ciki, abubuwan da wani zai ɗauka sun yi wa alƙalamin halifa ƙanƙanta. Tun kafin su, Ibnu Sina ya keɓe fasali a cikin Ƙanun a kan yadda matafiyin teku zai kula da kansa, inda ya ba da shawarar kada a danne aman farko sai in ya wuce kima, a kuma yi amfani da 'ya'yan itace masu ɗan tsami irin su rumman da tuffa. Abin da gogewa ta ƙara a kai ba shi da wuyar riƙewa. Mai niyyar bin masunta ya sami barci isasshe a daren, kada ya shiga da yunwa kada kuma ya cika ciki da maiƙo, ɗan kunu ko fura mara yawa ta wadatar. Ya zauna a tsakiyar jirgi ƙasa-ƙasa inda lilo ya fi sauƙi, fuskarsa tana duban inda aka dosa, nesa da hayaƙin inji in da inji. Ɗaura ƙugiya da warware raga da duk aikin da zai sa shi sunkuyo ya gama su tun a tudu, ya kuma bar duban waya. In an ba shi filafili ya yi tuƙi ya fi masa, domin wanda yake sarrafa jirgi jikinsa yana sanin motsi kafin ya zo, shi ya sa da wuya jiri ya kama matuƙi. In abin ya ci tura, ya kwanta rigingine ya rufe ido ya hana kansa motsi. Citta, a tauna ko a sha a ruwan zafi, wasu suna samun fa'idarta. In kuwa amai ya zo, a cikin ƙwarya ko bokiti za a yi shi, kada a leƙa gefen kwale-kwale, domin mutum mai jiri ya karkata jikinsa a ƙaramin jirgi ya fi jirin kansa haɗari. Bayan haka ya riƙa kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan.

Akwai kuma magungunan asibiti, irin su cinnarizine da ake sayarwa da sunan Stugeron, da promethazine, da hyoscine wanda har ana yinsa a ɗan manne da ake liƙawa a bayan kunne ya yi aiki kwana uku. Dukkansu sharaɗinsu ɗaya, a yi amfani da su tun kafin a shiga, domin idan tashin zuciya ya kankama ciki ya daina aikinsa, ƙwayar da aka haɗiya ba ta zama balle ta yi amfani. Ko a nan ma gaɓa ce wurin dabara. Suna kawo barci da bushewar baki, saboda haka ba su dace da mai tuƙi ba, mai hawan jinin ido da mai juna biyu da ƙananan yara kuma sai da shawarar likita. Wanda ya daure, galibi cikin kwana biyu ko uku jiki yakan saba, har ma in ya sauka ya ji ƙasa ce take lilo na ɗan lokaci. Ta fuskar ibada kuwa mazhabarmu ta sauƙaƙa: amai ba ya warware alwala, sai dai in ya canja daga kamannin abinci najasa ne a wanke shi; mai azumin da amai ya rinjaye shi azuminsa yana nan matuƙar bai mayar da wani abu ciki ba, wanda ya jawo shi da gangan kuwa sai ya rama. Salla a jirgi a tsaye ake yinta ana fuskantar alƙibla, in jirgi ya juya a juya, wanda ya kasa ya zauna. Imamu Abu Hanifa ya tafi nesa da haka, ya halatta zama a jirgi mai tafiya ko da mutum bai ji komai ba tukuna, hujjarsa kuwa ita ce jiri shi ne galibi a wannan hali, abin da yake galibi kuma hukuncinsa hukuncin abin da ya tabbata. Almajiransa biyu, Abu Yusuf da Muhammadu, suka saɓa masa.

Wannan ƙa'ida ta galibi ita ce ƙashin bayan mas'alar duka. Fuƙaha'u ba su san bututun cikin kunne ba, ba su kuma nemi sanin gaibu ba. Abin da suka yi shi ne suka dubi abin da aka saba gani yana aukuwa, suka tambayi ma'abota sanin teku, suka gina hukunci a kai. Kakanninmu da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur a ƙasa, wani shekara uku wani shekara bakwai yana tafe yana ƙwadago, har su isa Sawakin ko Fatsudan su shiga jirgi zuwa Jidda, sun rayu da wannan babi a aikace, haka nan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko da ya yi Hajjinsa na 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. Da jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai, sai rabin mas'alar da ya shafi jiri ya zama karatun zaure kawai. Ɗaya rabin kuwa, na halaka da cunkoso, sai ya baro babin Hajji ya zo ya same mu har gida.

A watan Afrilu na 2022, ana cikin azumin Ramadan, kwale-kwale ya kife da mutanen ƙauyen Gidan Magana a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, galibinsu yara da matasa. A watan Mayu na 2023 aka sake yin wani a Dandeji, cikin wannan ƙaramar hukuma dai, yara 15 suka tafi a kan hanyarsu ta neman itace. Allah Ya jiƙansu, Ya sa shahadar da aka yi wa wanda ya nutse alkawari ta tabbata a gare su, Ya ba iyayensu haƙuri. A wurin ta'aziyya abin da za a faɗa ke nan, a ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne, wanda ya faɗi wani abu ban da wannan a gaban uwar da ta rasa 'ya'ya ba shi da ladabi. Amma idan aka share makoki aka koma mashigi, aka ga jirgin da aka sassaƙa don mutum goma ana ɗura masa talatin, katakonsa ya tsufa ana kwarfe ruwa da gwangwani, babu rigar ceto ko ɗaya, sa'an nan aka sake cewa ai kwana ne, to an mayar da kalmar haƙuri ta zama izinin sakaci. Malamin da ya hana balagagge mai hankali hawan jirgi zuwa Ɗakin Allah saboda cunkoson da zai hana shi sujada, ba shi da wuya a san abin da zai ce game da cunkoson da zai kifar da jirgi da 'yan mata a kan hanyar itace.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, alhaji yana da zaɓin ya fasa, yarinyar da aka aika itace ba ta da shi. Gidan da ba a hura wuta ba ba a ci, gonar tana hayin ruwa, jirgin kuma ɗaya ne a ƙauyen. Lalle haka ne, kuma larura tana da hukuncinta. Sai dai larura idan ta sauke nauyi daga kan mai rauni, ba ɓacewa nauyin yake yi ba, komawa yake kan wanda yake da iko. Risala ta Ibnu Abi Zaid ta ɗauke wa mai jirgi lamunin abin da ya salwanta, ta kuma ce ba shi da kuɗin haya sai ya isar, amma malamai sun ƙayyade wannan rangwame da rashin ƙetare iyaka da rashin sakaci, wanda ya yi lodin da masana sana'ar suka san ya wuce ƙa'ida ya fita daga inuwarsa. Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya lissafa a cikin Ahkamus Sulɗaniyya cewa yana daga aikin muhtasibi ya hana masu jirage ɗaukar abin da ya fi ƙarfin jirginsu, ya kuma hana su tashi idan iska ta tsananta. Ashe tun shekaru kusan dubu da suka wuce an san cewa ba a barin wannan al'amari ga tsoron Allah na matuƙi kaɗai, wanda kowane kai da ya ƙaru kuɗi ne a aljihunsa, ba a kuma barinsa ga fasinjan da yake tsoron in ya tsaya rana za ta faɗi bai ƙetare ba. Malam Abdullahi da kansa, lokacin da ya bar rundunar jihadi da niyyar Hajji ya tsaya a Kano, abin da mutanen Kano suka roƙe shi ya rubuta musu shi ne Liya'ul Hukkam, littafin da ya tsara wa masu mulki haƙƙoƙin da ke wuyansu, hisba tana ciki.

Ba mu rasa tsarin da za a ɗora wannan a kansa ba. Sarautar Sarkin Ruwa tsohuwa ce a ƙasar Kabi da Sakkwato da Yawuri, masunta da matuƙa suna jin maganarsa, shi ya san jirgin da ya tsufa da wanda zai iya, ya san iskar da ake fita a cikinta da wadda ake jira ta wuce. Abin da ya rage shi ne a ba shi ko wakilinsa ikon tsayawa a mashigi ya ƙirga kawuna, a rubuta adadin kowane jirgi a jikinsa da fenti yadda mai karatu da marar karatu za su gane, in adadi ya cika ya ce saura su jira sawu na biyu, hakimi da ƙaramar hukuma kuma su tsaya a bayansa ranar da ya hana ɗan wani babba. Rigunan ceto a ajiye su a mashigi a matsayin wakafi, kamar yadda ake ajiye buta da tabarma a masallaci, a kuma sa wanda zai kula da su, domin abin da aka raba aka tafi da shi gida ba ya dawowa bakin ruwa. Limamai su karanta wa jama'a wannan babi na Muhtasar a huɗubar farkon damina, da Hausa, su ambaci sunan mashigin garinsu. Mas'ala mafi wuya ita ce ta kuɗin sawu na biyu, kuma ita ce ta kamata hakimai da shugabannin ƙaramar hukuma da masu hannu da shuni na Shagari su zauna su yanke wanda zai ɗauka, domin matuƙin da aka rage masa lodi aka bar shi da kuɗin gyaran jirgi da abincin gidansa, ran da mai ƙirga bai fito ba zai sake cikawa.